Dutsen Hajiya ya rabe a hannuna, ɗanta na neman miliyan biyu

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 29, ina zaune a Agege da matata da ɗa ɗaya, sana'ata gyaran waya a Ikeja. A unguwarmu akwai wata ƙaramar ƙungiya da wani dattijo maƙerin azurfa ya kafa, ana koya wa yara da matasa shirya duwatsun wuya, ƙera zobe da 'yan kunne, da gurza dutse a inji har ya yi sheƙi. A can na koya, yanzu ni nake taimaka masa duk Asabar ba ko sisi, har ya ba ni mabuɗin ɗakin. Matan unguwa kan kawo ƙananan gyare-gyare mu yi musu kyauta.

Wata Hajiya, ƙawar mahaifiyata, ta kawo min dutse mai ruwan shuɗi-shuɗi, garau, girman kan babban yatsa. Ta ce mijinta marigayi ya samo shi tun yana aikin kuza a Jos, kuma ya sha gaya mata safaya ce, wato shuɗin yakutu mai tsada. Tana so a gyara shi ta sayar ta yi wa autarta kayan ɗaki. Ban gaya wa Baba maƙeri ba, so nake in burge. Da dare na shiga, na ɗumama dutsen a wuta na manna shi a sanda da danƙo. Ina ɗora shi a faifan inji, ruwa na zuba, sai na ji ƙas, ya rabe biyu, kowace fuska sumul. Tsoro ya sa na yi makonni ina ce mata ana kan aiki, har babban ɗanta ya gano. Yanzu ya ce ko in biya naira miliyan biyu ko ya kai ni wurin 'yan sanda. Ɓarin biyu suna wurina. Shugabannin ƙungiya sun ce ba ruwansu, matata ta ce in ajiye mabuɗi in bar aikin da ba riba sai jidali. Dole ne in biya? In bar ƙungiyar? Malam, ni fa taimako na yi niyya.

Mai neman shawara, Agege

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da wannan damuwa.

Kai da ɗan Hajiya da shugabannin ƙungiya duk kun duƙufa kan maganar kuɗi, amma har yanzu babu wanda ya tsaya ya bincika wane irin dutse ne ma ya rabe. Miliyan biyun da ake kira an gina ta ne a kan cewa safaya ce, shaidar kuma duka-duka maganar marigayi ce, Allah ya jiƙansa. Abin da ya yi imani da shi ya faɗa, sai dai aikin kuza daban, sanin duwatsu daban. Yadda ka kwatanta fashewar ya sa nake da ƙarfin zaton wani dutse ne.

Kowane dutse da irin karyewarsa. Kwalba da dutsen ƙanƙara in sun fashe bakin yakan fito a lanƙwashe, da kaifi. Safaya kuwa, wato shuɗin yakutu, ba ta da saurin ba da kai. A ma'aunin tauri mai hawa 10 da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812 tana hawa na 9, daimon ne kaɗai ya ɗara ta, kuma masu sana'a a Tailan har gasa ta suke yi a wutar da ta haura digiri 1,000 don launinta ya fito. Ɗumin da bai wuce narkar da danƙo ba bai cika yi mata komai ba. Dutsen da ya yi suna wajen rabewa gida biyu, kowace fuska sumul tana sheƙi, shi ne tofaz. Yana hawa na 8, wuƙa ba ta karce shi, amma yana da jijiya ɗaya da ta ratsa shi a kwance, ta nan yake darewa kamar icce in gatari ya faɗa masa daidai. Bugu ɗaya a wurin, ko fita daga zafi zuwa sanyi farat ɗaya, ya isa. Kai kuma ka haɗa masa duka: wuta, ruwan sanyi, ga faifai na girgiza shi.

Inda aka samo shi ma ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Tun farkon ƙarni na 20 da kamfanonin Turawa suka buɗe haƙar kuza gadan-gadan a ƙasar Jos, wajen Bukuru da Barikin Ladi, masu wankin ƙasa ke cin karo da tofaz a cikin tsakuwar da ke fitowa tare da kuza, wani fari tas, wani mai ruwan shuɗi kaɗan. Abu ne mai ɗaukar ido, duk wanda ya tsinta zai jefa a aljihu ya kai gida. Safayar da aka fi sani a ƙasar nan daga kudancin Kaduna take fitowa, wajen Jama'a, sai tsaunin Mambila a Taraba, kuma galibinta ƙanana ce. Akwai na uku da ake rikita su da shi, akwamarin, irin na wajen Nasarawa Eggon. Ya fi tofaz kuɗi, amma shi ma bai saba rabewa sumul haka ba.

In tofaz ne, yana cikin duwatsu masu araha. Ɗanyen farinsa har da kilo ake cinikinsa, kuma yawancin shuɗin da kake gani a shagunan zobe fari ne aka mayar shuɗi a masana'anta. Amma ka ji ni da kyau, kada ka ɗauki wannan magana ka tafi gidan Hajiya kana cewa ai dama ba safaya ba ce. Daga bakin wanda ya fasa abu, ko gaskiya ce ba ta shiga kunne, cewa za a yi ka ɓata kuma ka dawo kana kushewa. Wani ne zai faɗa, wanda su suka yarda da shi.

Akwai gwajin da za a yi a nan Agege a gaban kowa ba tare da an ƙara taɓa lafiyar dutsen ba. A samo ƙaramin sikelin masu sayar da gwal, a auna ɓari ɗaya a rubuta. Sai a ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikelin a mayar da shi sifili, a ɗaure dutsen da siririn zare a zura shi ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa, a rubuta abin da sikelin ya nuna. A raba lambar farko da ta biyu. In amsar ta faɗo wajen 3.5, tofaz ne, wajen 4, safaya, wajen 2.7, akwamarin ko dutsen ƙanƙara. Kwalba takan tsaya kusa da 2.5. Abin da ban yarda a yi ba shi ne gwajin karce da wasu ke yi, a goga wannan dutse a jikin wancan a ga wa zai ji rauni. Ɓarnar da aka yi ta isa.

Farashi kuma sai 'yan kasuwa. Babbar kasuwar ɗanyen duwatsu mafi kusa da ku tana Ojoo a Ibadan, Hausawa na cikinta, ga 'yan Mali da Gini da Senegal. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana tsayawa a tashar Agege ya sauke ku a Moniya, daga nan Ojoo ba nisa. Kai za ka biya kuɗin tafiya, dutsen kuma ya zauna a aljihun ɗan Hajiya daga fita har dawowa. Ku nuna wa mutum uku da ba rumfa ɗaya suke ba, tun farko ku ce ba sayarwa kuka zo yi ba, domin mai son saye ba ya yabon kaya. Ku tambayi kowanne nawa zai yi da yana ɗaya cur, nawa kuma ɓarin biyu za su yi yanzu. Tazarar da ke tsakanin amsoshin nan ita ce ainihin abin da ake rigima a kai.

Sai maganar da ka rufe wasiƙarka da ita, cewa taimako ka yi niyya. Na yarda, kuma Allah ba ya tozartar da niyya. Amma kyautar aiki ba ta sauke wa mutum nauyin kayan da ya karɓa, kuma ba yau aka fara wannan shari'a ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce kuma har gobe ake biya ta a zaurukan malamanmu daga Sakkwato har Agege, an ce masu sana'ar hannu su ke da lamunin abin da aka ba su suka keɓanta da shi ba a gaban mai shi ba, ko da lada suka yi aikin ko ba da lada ba. Wanda aka ba ajiya kawai, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Tela da marini da maƙeri kuwa an tsananta musu, saboda jama'a ba su da makawa sai sun miƙa musu kayansu sun juya baya, kuma in duk wanda ya ce "ya lalace" za a yarda da shi, babu wanda zai sake ganin yadinsa ko azurfarsa. Ɗakin da matan unguwa suka saba kai gyara ya shiga wannan layi, ko da ba a karɓar kwabo.

Sai dai malaman ba su tsaya nan ba. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya kawo cewa a mazhabar Malik an ware ayyukan da hatsari ke tattare da su ko a hannun gwani, kuma misalan da ya jero sai ka ce da ɗakinku ake: huda dutse mai daraja, sassaƙa dutsen zobe, miƙar da takobi, ƙonewar gurasa a tanderu. A irin waɗannan ba a ɗora wa mai sana'a biya sai an tabbatar ya ƙetare ƙa'idar aikin.

To kai ka bi ƙa'idar aikin? Ra'ayina, ba ka bi ba. Wanda ya san sana'ar ba ya kai dutse kan faifai sai ya san ko mene ne. In tofaz ne yakan nemo inda jijiyar ta kwanta, ya karkata fuskar da zai goge daga kanta da kamar digiri 10, da yawa ma sukan guje wa wuta gaba ɗaya su manna shi da gam. Kai ba ka gwada ba, ba ka tambaya ba, ga malaminka a unguwa ɗaya ka ɓoye masa, ka shiga da dare kai kaɗai. In ma ka yarda safaya ce da gaske, ai wannan ne babban dalilin da za ka ce ya fi ƙarfinka. Don haka ina ganin biya ya hau kanka. Hukuncin ƙarshe na limaminku ne bayan ya ji kowane ɓangare, amma ka je masa da shirin biya.

Abin da bai hau kanka ba shi ne miliyan biyu don kawai an ambace ta. Malamai ƙimar abu suke dubawa a ranar da aka miƙa shi, ɗanye yadda yake. Kuɗin da ake fatan zai yi bayan gyara, da kujeru da katifar da aka ƙiyasta a zuci, ba sa shiga lissafi. Tunda ɓarin suna nan, sai a duba nawa darajar ta ragu.

Ka kuma yi hankali da ɗan nan da kake gani kamar ya shigo maganar da ba tasa ba. In marigayi ya ba Hajiya dutsen kyauta tun yana raye ta karɓa, nata ne ita kaɗai, yafewarta ta wadatar. In kuwa ajiye shi kawai ta yi har ya rasu, to dukiyar magada ce, ita tumuni gare ta tunda akwai 'ya'ya, sauran nasu ne, har da autar da ake wa tanadi. Ashe ke nan yana da bakin magana, kuma ko Hajiya ta ce ta yafe don kunyar mahaifiyarka, rabonta kaɗai ta yafe. Limami ne zai yi wannan tambaya a zaman sulhu, kai ka ja bakinka.

Ni a ganina ma ba fashewar ce ta hura wutar nan ba. Da washegari ka je ka durƙusa ka ce Hajiya ga abin da ya faru, da an yi salati, an yi faɗa, wataƙila an yi kuka, amma da wuya a kai ga kiran 'yan sanda. Makonnin da ka yi kana cewa ana kan aiki su suka ɓata ka, kuma kada ka yi mamaki in abin da ke ran ɗanta shi ne an sayar da safayar ubansa an kawo masa fasasshiyar kwalba. Wannan zargi ya fi kuɗin hatsari. Saboda haka yau ɗin nan ka fitar da ɓarin daga hannunka. A haɗa su a gaban shaidu, Hajiya ta ga sun koma siffar dutsen da ta sani shekara da shekaru, a auna, a ɗauki hoto, a damƙa wa dattijon da su suka zaɓa.

Zuwa gidan kuma da ƙafarka za ka yi shi, saƙon WhatsApp ba zai yi ba. Mahaifiyarka ta fara shiga ta gaishe da ƙawarta, wannan tsakaninsu ne, amma kada ka laɓe a bayanta. Ka ɗauki kawunka, ka roƙi Baba maƙeri ya raka ku, bayan ka ba shi haƙuri shi ma, don amanar mabuɗinsa ka fara ci. In kun zauna ka gajarta: "Hajiya, dutsen marigayi a hannuna ya rabe. Ban nemi shawarar malamina ba, kuma na ɓoye miki don tsoro. Laifina ne. Abin da aka tabbatar na ɓata zan biya." Ka tsaya nan. Kada ka kawo zancen kyauta kake yi, ta sani. In ɗanta ya ɗaga murya ka bar shi ya sauke, "Yaya, ka yi haƙuri" ta ishe ka amsa. Kawunka ne zai kawo maganar gwaji da tafiya Ibadan.

Ka shirya wa ranar da sakamako zai fito, domin in tofaz ne kai za ka ji sauƙi, ita kuwa ranar za ta yi asara ta biyu. Shekaru tana ɗaga ƙasan akwati tana ganin kayan ɗakin autarta a ƙulle cikin tsumma, ga maganar mijinta da ta riƙe. Kada a ga fara'a a fuskarka, kuma kada ka tsaya kan ɗan abin da lissafi ya nuna ko da shi kaɗai shari'a ta ɗora maka. Tofaz da ya rabe ta jijiyarsa bai mutu ba, duwatsu biyu ne yanzu masu launi ɗaya, abin da mai yin 'yan kunne ke nema ke nan. In magada sun amince, ka ɗauki nauyin kai su wurin gwanin da ya saba yanka irinsa, Baba maƙeri ya zaunar da su a azurfa mai kyau, wadda ake kira mai lamba 925, a ba amarya abin da ubanta ya tsinto da hannunsa. Lokacin biki kuma ka yi gudummawar da ta fi ta maƙwabci. In sun ce kuɗinsu suke so, ka ba su ba tare da ɓata rai ba. In kuma gwaji ya ƙaryata ni dutsen ya zama mai tsada, bashi ya hau ka ke nan, sai a yanka maka shi wata-wata daidai abin da gyaran waya zai ɗauka, a rubuta a sa shaidu yadda aya ta 282 a Baƙara ta koyar. Kada ka kusanci bashin manhajojin waya masu ruwa don ka rufe bakin mutane a rana ɗaya.

Game da 'yan sanda, dokarsu ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai ko ɓarnar da diyya ce maganinta. Na gaya maka ne don hankalinka ya kwanta, ba don ka je kana karanta wa ɗan Hajiya doka ba. In an kira ka, ka je da babba, ka faɗi gaskiya, ka nuna inda ɓarin suke, kuma kada tsoro ya sa ka sa hannu a takardar alkawarin miliyan biyu, don ita za ta yi ta bin ka. Kafin nan ma akwai limami, akwai fadar Sarkin Hausawan Agege, in ta ƙi akwai cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'ar jihar Legas, wadda ke shiga tsakani kyauta.

"Ba ruwanmu" da shugabanninku suka ce, rabinta gaskiya ce. Ba su suka karɓi dutsen ba, ba su ma sani ba, don haka ban ga hujjar a taɓa ɗan abin da ake tarawa na sayen zare da duwatsun koyo ba. Amma su suka miƙa mabuɗi ba tare da sun faɗi iyakarsa ba, su suka bar mata na kawo sarƙa da 'yan kunne ana karɓa da baki kawai. Yau dutse ne a hannunka, gobe sarƙar gwal ce za ta ɓace a hannun yaro ɗan shekara 15, ranar kuwa babu mai cewa ba ruwansa. Cutar ƙungiyoyinmu na sa kai ke nan, kowa na ganin rubuta ƙa'ida tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, sai abu ya faru a rasa abin kamawa.

Ka mayar da mabuɗin da kanka kafin a tambaye ka, ka zo musu da shawara. Littafi ɗaya mai bango ya isa. Duk abin da aka kawo a auna shi a gaban mai shi, a ɗauki hoto, a rubuta abin da ya ce ya kai, a gaya masa a fili cewa dutse na iya fashewa, ya sa hannu ko ya dangwala. Gwal da duk abin da aka kira da tsada, mutum ɗaya ba ya karɓa. Dutsen da ba a san ko mene ne ba kuwa kada ya hau faifai sam, kuma ba don fashewa kaɗai ba. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Ko dutsen ƙanƙara da ba shi da guba, in ana gurza shi a bushe ƙurarsa na taruwa a huhu ta daskarar da shi, ciwon da ba ya warkewa. Ɗakin da yara ke shiga, ruwa ya riƙa zuba a kan faifai koyaushe, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Barin ƙungiya kuwa ban ba ka shawara ba, aƙalla ba yanzu ba. In ka fita a wannan hali, labarin da zai zauna shi ne ka fasa dutsen Hajiya ka gudu, kuma unguwar Hausawa a Legas ba ta da mantuwa, kowa ya san garin kowa. Bayan haka abin da dattijon nan ke koyarwa ba wasan yara ba ne. Ƙasar nan na fitar da safaya da turmalin da akwamarin, amma akasari ɗanye ake kwasa zuwa Bankok ta Tailan da Jaifur ta Indiya, a can ake yankawa, a can ribar ke zama. Alhali aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Fatake Hausawa ne suka riƙa kawo jan dutsen lantana daga ƙasar Nijar zuwa Ilori, inda ake gurza shi a huda shi da hannu a yi tsakiyar da sarakunan Yarbawa ke sawa, masagan Bida kuma har yanzu suna narka kwalba suna yin duwatsun wuya. Wanda ya ga abin da zafi ke yi wa tofaz da idonsa yana da abin koya wa yara, in dai zai ba su labarin ba tare da ya rage nasa laifin ba.

Mai ɗakinka kuma tana da gaskiyarta. Asabar ranar ciniki ce a Ikeja, kana bayar da ita kyauta, yanzu kuma abin da za a biya daga tukunyarta zai fita. Ta fi kowa haƙƙin a zauna da ita. Ka gaya mata adadin da aka yanke in an yanke, da watannin da zai ɗauka, da abin da za a rage a gida da wanda ba za a taɓa ba, kamar cefane da kuɗin makarantar yaro. Har a gama biya, Asabar ta koma shago. Ƙungiya ta samu wani lokacin da ba ya cin kasuwa, ku zaɓe shi tare, ka kuma gaya wa Baba maƙeri iyakar abin da za ka iya don kada a riƙa kiranka duk sanda aka ga dama. In ta ce Lahadi bayan la'asar, to Lahadi bayan la'asar ɗin.